Ciko Tara a Ƙarƙashin Lagireto

Wata Litinin ta watan Afrilu Lurleen Kimbrough ta kawo mini a-kori-kurar ubanta, ɗaure a kan tirela, kashin tattabaru ya rufe gilashinta ruf. Ƙirar 1968 ce, kuma sai ka goge da yatsa za ka gane shuɗiya ce a da. Ni da Lurleen aji ɗaya muka yi, tun muna yara ba ta iya shiga wuri ba ta cika shi da surutu ba.

"Verna, fito ki ga amarya!" ta ƙwala mini kira tun daga bakin ƙofa.

Na fito ina goge hannu. "Wannan ai gawa kika kawo mini. Kin ɓata hanya, maƙabarta tana bayan coci."

"Dalla rufe mana baki. Baba zai cika tamanin ranar huɗu ga Yuli, so nake ya shiga faretin ranar 'yancin kai a cikinta. Tun kakar 79 take kulle a rumbu, ko kallonta ba ya yi."

"Ya san kin ɗauko ta?"

"Ina fa! Yana can wajen likitan ido aka jawo ta. Ai takardunta ma da sunana suke yanzu, tun bara ya mayar da komai na gonar kaina. Na riga na sa ta a jerin motocin fareti, duk garin an ji."

Na karɓi aikin. Garejin nan na ubana ne, Doyle Stidham, sunansa ne har yau a allon da ke waje duk da shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa. A wannan yanki na yammacin Oklahoma in aka ga ƙofar mota ta rufu da yatsa ɗaya, cewa ake yi aikin Doyle ne. Da wannan sunan nake cin abinci, kuma ina da saurin fushi a kansa. Na taɓa korar wani mutum da motarsa a kan jak don ya ce Baba ya cika tsada.

Irin waɗannan tsofaffin motoci, duk gabansu a kan abu ɗaya yake rataye. Akwai ƙarfen da ke riƙe da lagireto, shi kuma zaune yake a kan bushi biyu na roba a ƙarshen shasi, ɗaya dama ɗaya hagu. Madigadi biyu da bonet duk a jikinsa suke. In gefe ɗaya ya sauka ko da kaurin farce ne, sai ka ga bakin ƙofa ya buɗe, bonet ya ƙi zama. Shi ya sa ake sa ciko, wato 'yan siraran ƙarafa, a ƙarƙashin bushin har komai ya daidaita. Dokar Baba ita ce duk cikon da ka cire ka ƙirga shi, ka ɗaure da waya, ka rubuta daga ina ya fito. Yaran yanzu sharewa suke yi da tsintsiya, sannan su kwana biyu suna zagin mota.

Ranar Talata na kwance gaban motar. Robar bushin ta mutu, tana farfashewa a hannu kamar busasshen burodi. A hagu na sami ciko ɗaya, yadda ya kamata. A dama na zaro ɗaya, na zaro biyu, na ci gaba da zarowa har tara. Sai da na yi dariya ni kaɗai. Ban taɓa ganin an wuce uku ba.

Da na wanke su da fetur dariyar ta tsaya. Ba na kanti ba ne. Daga tsohuwar lambar mota aka yanka su, aka kuma goge gefen kowanne da magagari don kada ya yanki hannun wanda zai zo daga baya. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke yin haka, saboda rowa ba ta barinsa ya sayi ciko, tausayi kuma ba ya barinsa ya bar kaifi. A jikin ɗaya daga ciki akwai 78 a buge. Baba ba ya yanka lamba sai wa'adinta ya ƙare, ke nan a 79 aka yi aikin. Na ɗaure su da waya na rataye a ƙusa, na ce wa kaina ai tsohuwar mota ba ta rasa tarihi.

Laraba da hantsi Harlan Kimbrough, uban Lurleen, ya iso. Aminin Baba ne, shi ya ɗauki gaban akwatin gawarsa, kuma Kawu nake ce masa tun ban iya magana sosai ba. Dogo ne, tsufa ya ranƙwafar da shi amma bai rage masa faɗin hannu ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tare mini haske, yana kallon motar da babu gaba.

"Kawu Harlan, sannu da zuwa. In zuba maka kofi?"

"Wa ya ce ki kwance ta?"

"Mai ita."

"Wankewa za ki yi ki shafa mata fenti. Abin da yarinyar nan take so ke nan, ƙyalli. Me ya kai ki gabanta?"

"Kawu, ka san ba a haka a gidan nan."

Ya jawo kujerar ƙarfe da ke jikin bango ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa. Tun daga ranar kullum sai ya zo. Ƙarfe tara yana nan, sha biyu ya tashi. Ba ya shan kofina, ba ya hira, idonsa da aka yi wa aiki yana ta zubar da ruwa yana sharewa da hankici. Duk inda hannuna ya je idon yana biye. Na sha yin aiki mai mota na tsaye a kaina, ban taɓa jin bayana yana sanyi ba sai a wannan karon.

Sati biyar na yi kafin in zo ga mayarwa. Na zaunar da gidan direba a kan sababbin robobi, na daidaita ƙofofi da shi, sannan na ɗora ƙarfen lagireto a kan sabon bushi da ciko ɗaya kowane gefe. Madigadin hagu ya shiga lafiya lau. Na dama ya sunkuyar da kai. Tsakaninsa da ƙofa, daga sama babban yatsana yana shiga, daga ƙasa ko takarda ba ta wucewa. Na ɗauko tef na auna shasin daga kusurwa zuwa kusurwa, na sake aunawa, na kuma aunawa karo na uku don ina so tef ɗin ya yi ƙarya. Ƙarshen shasin na dama ya lanƙwasa ƙasa da baya, inci ɗaya da rabi. Da na kankare tsatsar na ga tabon wuta, inda wani ya gasa ƙarfen ya yi ƙoƙarin jawo shi bai gama ba.

Baba ba ya barin aiki rabi. Yana da sarƙa da injin jan shasi, kwana uku sun ishe shi ya miƙar da wannan. Wanda ya tara ciko tara maimakon ya miƙar, sauri yake yi, so yake motar ta fita kafin a gan ta.

Da yamma bayan Harlan ya tafi na cire fentin madigadin. Ƙarƙashinsa dalma ce aka narka aka cike wani rami da ita, mai faɗin tire. Daga ciki ga sawun guduma nan jere, ƙanana, a tsare, na san su kamar yadda na san rubutunsa. Na jingina madigadin a mazauninsa na tsaya kusa da shi. Ramin ya zo mini daidai ƙugu.

Washegari ban jira ya zauna ba.

"Kawu, me motar nan ta buge?"

"Barewa."

"Barewa?"

"Kurma ce ke? Na ce barewa."

"Haba Kawu. A garin nan wa ya taɓa buge barewa ya yi shiru? Wata guda ake yi ana ba da labari a gidan kofi, ƙahon yana ƙara tsawo kullum. Baba ba ya gyara ko keke bai zo ya ba mu labari a kan tebur ba. Wannan ban taɓa jin sa ba."

"Shekararki nawa a lokacin? Tara? Majina ma ba ki iya sharewa ba."

"Kuma don barewa ka kulle mota mai lafiya shekara arba'in da biyar?"

Ya share idonsa a hankali, ya ninke hankicin gida huɗu. Sannan ya nuna ƙusar da ke bango da haɓarsa.

"Ga su can kin rataye, ubanki ya koya miki da kyau. Mayar da su yadda kika same su, tara dama, ɗaya hagu. Za ki ga komai ya zauna. Ki shafa fentinki, a biya ki, kowa ya kama gabansa."

A hanyar injin gurzar auduga, mil huɗu daga garejina, akwai farin gicciye na katako a bakin kwalta. Kowa a nan ya san shi har mun daina ganinsa. An rubuta Ramiro Barraza, Satumba 1979. Ma'aikacin injin ne, yana tafiya aiki a ƙafa da sassafe mota ta kaɗe shi ta wuce, ba a taɓa gano ko wace ce ba. Matarsa Ofelia tana nan da rai, shekararta saba'in da biyar, ba ta sake aure ba. Duk Satumba sai ta je da gwangwanin fenti ta sabunta gicciyen. A wannan makon sau biyu na canza hanya don kada in wuce ta wajen.

Zan faɗi gaskiya, na mayar da cikon. Ranar Asabar, babu kowa, sama ta yi wannan launin kore-kore da take yi kafin guguwa, iska ta ɗauke ɗif. Na kwance wayar na jera cikon tara a ƙarƙashin bushin dama, na ɗaure noti. Madigadin ya ɗago ya zauna. Tazarar bakin ƙofa ta zama ɗaya daga sama har ƙasa. Na sauke bonet ya kama da ƙara ɗaya, na tura ƙofa da ɗan yatsa ta rufu. Duk wanda ya kalli motar nan zai rantse ba ta taɓa gogar ko shinge ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na ji alfahari. Na tsaya ina cewa a raina, kai, tsohon nan ya iya aiki, sai kuma na fita waje na zauna a kan taya.

A nan Lurleen ta same ni. Ta leƙa ciki ta yi ihu.

"Wayyo Verna! Dubi layin nan! Wallahi Doyle bai mutu ba. Ke me ya same ki kika yi fari haka, ko kin ga fatalwa?"

"Zafi ne."

"Ki sha ruwa, 'yar wahala. Ni Baba ne ya dame ni. Ya daina cin abinci, jiya na same shi tsaye a cikin rumbun, a daidai inda motar take a da, yana kallon ƙasa. Na ce masa ka kwantar da hankalinka, tana hannun Verna. Ya ce ai shi ya sa."

Ta yi dariya. Ni ban iya ba.

Litinin Harlan ya shigo ya ga motar a haɗe. Ya zagaya ta, ya bi bakin ƙofar da yatsa, kafaɗunsa suka sauka. A karon farko ya ce in zuba masa kofi. Na zuba, na bari sai da ya kai kofin baki.

"Ramiro Barraza ne, ko?"

Bai ƙware ba, bai ajiye kofin ba. Ya kurɓa ya haɗiye.

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa tukuna. Amma ba zan rufe wannan da fenti ba. Zan je ofishin sherif, 'yan sanda su ji."

"To, ki je." Ya zauna, ya ɗora hular a gwiwa kamar kullum. "Zauna ke ma, 'yar Doyle, tun da tone-tone kike so. Ranar da aka buɗe farautar kurciya ce. Mun fita tun gari bai gama wayewa ba, akwai hazo, akwai kuma kwalba a tsakaninmu."

"Ku wa?"

"Ni da ubanki mana. Kin zaci don kyan fuskata ya rufe garejinsa ya yi mini wannan aikin a yini ɗaya?"

Safanar kwance noti tana hannuna, na ajiye ta a kan benci don na san halina.

"Wa ke tuƙi?"

"Mu biyu ne a ciki. Ɗaya yana kabari, ɗaya yana dab da cika tamanin."

"Na ce wa ke tuƙi!"

"Ki daina ɗaga mini murya, ni na riƙe ki a coci ranar da aka yi miki baftisma. In sherif ya tambaye ni, kin san sunan da zan ba shi. Kuma me zai gani? Aikin wa ke jikin motar? Lambar wa aka yanka? Ni ko guduma ban iya riƙewa ba." Ya ƙarasa kofin ya miƙo mini. "Ni na gama rayuwata. Ke ce za ki ci gaba da buɗe ƙofar nan kullum da sunan nan a sama. Ki yi tunani."

Ya sa hularsa ya fita. Na bi bayansa da kallo har ya shiga motarsa, na tsane shi a lokacin fiye da yadda na taɓa tsanar wani mahaluki. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa. Har yau ban sani ba. Na zauna ina ƙoƙarin tuna Baba a Satumbar nan, ko ya rame, ko ya yi shiru, amma abin da ya zo mini kawai shi ne yana koya mini tuƙa keke.

Kwana biyu ina kallon gwangwanayen shuɗin fenti a jere a bango. Yini ɗaya zai ishe ni. Motar za ta shiga fareti, mutane su tafa, su ce hannun Doyle bai bar gidan ba. Ina son wannan, ba zan ɓoye ba, ina son sa ƙwarai. Amma duk sanda na ɗauki bindigar fenti sai in ji kamar an ce in riƙe wa Baba fitila yana narka dalmar.

Ranar Laraba na ɗaga gaban motar na kwance notin dama. Na zare cikon, madigadin ya sake sunkuyawa. Na sa su a aljihun rigar aikina. Niyyata ofishin sherif, amma da na kai mahaɗar hanya sai na ga ba shi ya kamata ya fara ji ba, na karya kan mota zuwa unguwar bayan layin dogo.

Gidan Ofelia Barraza ƙarami ne, da tukwanen barkono jere a baranda. Na same ta zaune tana ɓare masara a cikin kwano. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Verna Stidham. Motata lafiyarta lau, in ita kika biyo."

"Ba ita ba ce, Mama. Magana ce a kan mijinki."

Hannunta ya tsaya. Ta janye kwanon gefe, ta nuna mini matakala na zauna a ƙasanta. Na faɗa mata duka, tun daga cikon har maganar Harlan, ban rage ba, ban gyara wa kowa ba. Ita ko motsi ba ta yi ba.

"Ban san wanne ne yake tuƙi ba," na ce a ƙarshe. "Zai iya zama Harlan ƙarya yake yi. Baba ba mutumin da zai..."

"Shekara talatin ubanki yana gyara mini mota," ta katse ni. "Bai taɓa karɓar ko sisi ba, bai kuma taɓa kallon fuskata ba. Takalmana yake yi wa magana. Na ɗauka tausayin gwauruwa ne, daga baya na daina ɗaukar haka, amma wa zan tambaya?"

"Mama, in Harlan ne ya..."

"'Yata, ni ban damu da wanda ke riƙe da sitiyari ba. Akwai hazo, hanyar ba ta da gefe, na daɗe da yafe wannan." Ta cire tabaran ta riƙe a cinya. "Abin da ba a sa a jarida ba shi ne, likita ya ce Ramiro bai mutu nan take ba. Ya kai awa biyu yana numfashi a cikin ciyawar nan kafin motar makaranta ta gan shi. Ya ce da an kawo shi da wuri, da ƙafa kawai zai rasa."

Na kasa ɗaga kai.

"Daga can zuwa garejinku mil nawa ne?"

"Huɗu."

"A lokacin akwai tarho a garejin?"

Baƙin tarho ne, a jikin bango kusa da ƙofa, Baba ya sa mini akwati a ƙarƙashinsa don in riƙa takawa ina amsa kira in yana ƙarƙashin mota. Ta jira ni, ba ta ƙara tambaya ba.

"Akwai," na ce.